Ki Bar Wa Yaya Takalman Bakin Zaure

Fatakwal, Talata da la'asar

Zuwa ga Zulaihat, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan randa ga wanda ya kwaso rana, raɓar asuba a kan ganyen gero, uwar ɗiyata tun ranar Juma'a. Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwa mai tarin yawa, da barka da sauka lafiya. Barka, Zulai! Barka da arziki! Allah ya raya, Allah ya ba ki lafiyar shayarwa, ya mayar miki da ƙarfin da kika zubar.

Jiya Hammadu direba ya iso da lodin albasa. Ko igiya bai kwance ba ya biyo ni har rumfar da nake jinya, ya tsaya a kaina ya ce in ba shi goron albishir. Mace ce, in ji shi, kuma ke da ita kuna lafiya. Na yunƙura zan tashi, na manta ƙafar nan a ɗaure take da karare. Kin san tun da buhu ya faɗo mini mai ɗori ya hana ni taka ƙasa, balle in hau mota in yi kwana biyu ana jijjiga ni. Sai na koma na zauna, na rufe fuska da hula, na bar Hammadu yana zaton dariya nake yi. Wace irin haihuwa ce wannan, da uba zai ji labarinta a bakin direba, cikin warin albasa? Wa ya yi mata huɗuba a kunne? Hancin wa ta ɗauko? In naki ne, to ta tsira. In nawa ne, sai mu haɗa da addu'a.

Ga ruwa nan yana zuba a garin nan kamar an huda sama, ruwan da ba ya shuka komai sai tsatsa da sauro. Ni kuwa zuciyata tana can inda ake yankan gero, inda kogin Gagare ya fara ja da baya yana barin yashi mai sanyi, inda kike zaune ƙamshin kunun kanwa da hayaƙin ruwan wanka suna tashi a kanki. Hukuma sun yanke mana layin waya sun ce don a kama ɓarayin daji ne. To, Allah ya sa a kama. Ni dai abin da na sani, ɓarawon bai rasa hanyar gidan kowa ba, ni ne na rasa muryar matata. Muryar da in ta shiga kunnena nake jin kamar kurciya ta sauka a kan katangarmu! Yau ga ni na koma takarda da biro kamar ɗan firamare, ina roƙon direba ya sa a aljihun gaba, kada gumi ya jiƙa.

Da so samu ne, Zulai, da takardar nan ba abin da zai cika ta sai ke. Da na faɗi yadda idanunki suke kamar farin wata a kan fadamar Shinkafi, yadda tafiyarki take kamar ta belbela a bakin ruwa, ba gaggawa, ba ɓata ƙafa. Amma Hammadu bai tsaya a kan albishir ɗaya ba. Ya ƙara da na biyu, yana murna, yana zaton zan ƙara masa goro. Wai Baffa Maitama ya buɗe adakar marigayi Babanmu, ya fito da babbar rigarsa ta shadda, ya kai an wanke an sa sitaci an buga. Wai tun da uban jaririya ba ya nan, yayansa ne zai tsaya a madadinsa ranar suna. Za a sa wa Yaya Misbahu rigar Baba, a naɗa masa rawani, a zaunar da shi tsakiyar tabarma kusa da liman, duk wanda ya zo ya miƙa masa hannu. Har lasifika za a ɗauko. Hammadu ya ce duk unguwa ana yabon Baffa.

Tun daga lokacin ban iya haɗiye ko shayi ba.

Ke ba baƙuwa ba ce, amma bari in faɗa ko don in ji sauƙi. Yaya ya girme ni da shekaru, amma tun ina yaro ni ke riƙe masa hanya. Mutane sun kira abin da sunaye iri-iri. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu, wasu ba su ce komai ba sai dai su ja yaransu gefe. Sai da gemu ya fito masa sannan wani likita a Gusau ya ce ba aljani ba ne, ba hauka ba ne, haka aka halicce shi. Ya kira shi otizim, abin da masu rediyo ke cewa galahanga. Ya ce kunnen Yaya da fatarsa ba su da ƙyaure. Abin da mu muke ji daga nesa, shi a tsakiyar kansa yake faɗowa. Muryar mutum goma a gare shi kasuwar Shinkafi ce ranar Alhamis. Sabuwar riga mai sitaci a jikinsa ƙarangiya ce. Hannun da bai sa rai da shi ba, in ya taɓa shi, kamar an ɗora masa garwashi ne. To ki haɗa duka ukun, ki ƙara rawani mai matse kai da lasifika a bayan ƙeya, ki ce masa zauna nan, girmama ka muke yi.

Ba zan zalunci Baffa ba, ko da raina a ɓace yake. Shi ya riƙe mu bayan Baba. Shi ya yi ta yawo da Yaya a bayan keke gidan malamai, har Dauran, har inda ban sani ba, yana dawowa da rubutu a gora da ƙafafu a kumbure. Kuma na san abin da ke cinsa. An daɗe ana yi masa gori cewa gidanmu muna ɓoye babban ɗa kamar abin kunya. Yana so ranar Juma'a ya nuna wa garinmu Kaura cewa ɗan ɗan'uwansa mutum ne, yana da riga, yana da wuri. Wallahi niyyar ta fi zuma. Da mugunta ce da abin ya zo mini da sauƙi, don mugu ana iya tare shi a ƙofa. Amma wa ke tare mai alheri? Wa zai kalli tsoho yana riƙe da rigar ƙaninsa da ya rasu, idonsa da ƙwalla, ya ce masa mayar da ita adaka?

Sai dai Baffa ya manta Zurmi, ni kuwa ban manta ba. Lokacin ba ki zo gidan ba, amma na ba ki labari. Ɗaurin auren ɗan gwaggonmu ne, aka ja Yaya cikin taro don kada a ce an ware shi. Maroƙi ya zo daidai kunnensa ya kwarara kirari. Kafin in ratso mutane in iso, Yaya ya tashi. Ba ya gudu irin na mai jin tsoron duka, Zulai, gudu yake irin na wanda rigarsa ta kama wuta, ba ya ganin gabas ba ya ganin yamma, kuma ba ya tsayawa ɗaukar takalmi. Sai da rana ta yi sanyi wasu mata masu tallan nono suka gan shi a gindin wata tsamiya can bayan gari, tafin ƙafarsa duk ƙaya, yana jijjiga jiki yana maimaita kirarin nan. A wancan zamanin daji daji ne kawai, abin tsoro a cikinsa maciji ne da ƙishirwa. Yau fa? Yau wa ke fita bayan Kaura ba shiri ya dawo? Mutum mai cikakken baki ma, wanda zai iya roƙo ya faɗi sunan garinsu, yaya ya ƙare da ɓarayin nan? Balle Yaya, wanda in an daka masa tsawa sai ya mayar wa mutum da tsawarsa kalma da kalma. Abin da ya hana ni shan shayi ke nan. Ba kunyar taro nake tsoro ba. Tsoro nake a raɗa wa ɗiyata suna da safe, da yamma a shiga neman yayana.

Shi ya sa na zo gare ki, ya ke tsamiyar da nake fakewa. Kin tuna ranar da aka kawo ki?

Da rana tsaka aka kawo ki daga Shinkafi, don tun lokacin hanyar ba ta biyuwa in duhu ya yi. Ina can gidan abokina Alamin an ɓoye ni kamar yadda ake yi wa ango, sai na ji guɗa ta tashi daga gidanmu, a bayanta kuma na ji wata ƙara da na sani tun ina goye. Na fito a guje, babu hula. Na tarar da Yaya a durƙushe gindin rumbu, hannu biyu a kunne, yana buga goshi da ƙasa. Mata sun yi masa zobe. Wannan na tofa masa addu'a, waccan na yayyafa masa ruwa, wata na cewa wannan ba alamar arziki ba ce ga amarya. Gwaggo Turai kuwa, baiwar Allah, sai ƙara guɗa take yi, wai don ta rufe kukan kada danginki su ji. Ni na tsaya kamar dasasshe. Ango ne ni, ko kallon matan ban isa in yi ba.

Sai murya ta fito daga ɗakin amarya, daga ƙarƙashin mayafi. Ba da ƙarfi ba, amma ta ratsa tsakar gida kamar yadda sanyin ruwan farko ke ratsa zafin bazara. Kika ce, “Don Allah Gwaggo, a dakata da guɗar nan. Ku ja baya ku ba shi iska.”

Amarya! Amaryar da ba a sayi bakinta ba! Wadda al'ada ta ce ko sunanta aka kira kada ta amsa sai abokan ango sun zo sun yi ciniki da ƙawayenta! Gidan ya yi tsit, har ana jin kaji. Na ga wata gwaggonki ta dafe ƙirji. Na san abin da aka faɗa a kanki bayan haka, a Kaura da Shinkafi duka: mara kunya, idonta a tsaye, ta shigo gidan miji da baki buɗe. Alamin har yau yana tsokanata wai ni kaɗai ne angon da ya samu bakin amarya a ɓagas. Amma ni a wannan tsit ɗin na san abin da Allah ya ba ni. Kafin ranar ina son ki ne kamar yadda saurayi ke son kyakkyawa. Daga ranar na so ki kamar yadda manomi ke son hadarin da ya taso bayan shuka ta fara kwanciya. Kalmarki ta farko a gidana ba tawa ba ce, ta yayana ce, kuma ban taɓa jin kishin haka ba.

Ke ce kuma kika ga abin da mu da muka tashi da shi ba mu gani ba. Da mata suka ja baya, Yaya ya lafa, sai ya rarrafa zuwa ƙofar ɗakinki inda takalman 'yan kawo amarya suka yi tsibi, wannan kan wancan. Ya fara haɗa su, kowane da ɗan'uwansa, yana jerawa, yana juya bakinsu waje don mai fita ya zura ƙafa kawai. Wata ta ɗaga hannu za ta kore shi, kika sake cewa a bar shi. Magana biyu kyauta a rana ɗaya! Daga baya kika ce mini ta ƙasan mayafi kike kallon hannunsa, kika ga yana jera takalmi rawar hannun tana raguwa. Kika ce, “Yaya ba ƙin mutane yake ba. Fuskokinsu ne suka yi masa yawa. Ta ƙafa yake iya karɓarsu.”

Tun daga nan wane taro aka yi a gidanmu da ya gagara? Sallah ta zo, kika shimfiɗa masa buhu a bakin zaure ta gefen dama, inda bango ke bayansa ba mai zuwa masa ta baya. Ba ya ciki, ba ya waje. Yana jin addu'a, yana shafawa in an shafa. Kowa ya zo ya tuɓe, Yaya ya ɗauka ya jera. In ya ga takalmin da ya sani sai ya ambaci sunan mai shi a hankali, ba tare da ya ɗaga kai ba, kuma wannan ita ce gaisuwarsa. Wanda ya san shi ya amsa ya wuce. A nan kaɗai na taɓa ganin yayana cikin mutane yana murmushi.

Yanzu ga roƙona, kuma na san nauyinsa. Na san ɗiyar fari ce. Na san yadda ake so ki kasance a kwanakin nan: kai a sunkuye, ko kallon jaririyar kada ki yi a gaban manya, a yi ta hidima a kanki ke kamar ba ki san abin da ake yi ba. Na san Innarki ta taso daga Shinkafi ta biyo wannan muguwar hanya don ta kula da ke, kuma idonta na kanki. An sake rufe miki baki, Zulai, karo na biyu. Ni kuma, mijin da bai iya zuwa ba, ina roƙon ki sake buɗe shi.

Za ki ce don me ban rubuta wa Baffa ba. Na ɗauki biro na ajiye. Baffa ba ya karanta boko. Zai miƙa takardar ga wani a majalisa, a karanta da ƙarfi a gaban tsaransa, a ji ɗan da ya rena yana gyara masa shawara daga Kudu. Daga nan ko Yaya zai mutu sai ya sa rigar nan. Amma ke sunan mahaifiyarsa gare ki. Bai taɓa kiran sunanki ba, Uwata yake ce miki, kuma ban taɓa ganin kin roƙe shi abu ya ce a'a ba. Ki aika a kira shi idan ya dawo daga masallaci da hantsi, lokacin da ba kowa. Ki yi magana ta bayan labule in kunya ta hana. Kada ki ce masa ya yi kuskure, don bai yi ba, hanya ce kawai ta ɓace masa. Ki ce rigar Baba ba wanda ya dace da ita ranar nan sai wanda ya zama uba bayan Baba. Shi ya sa ta, shi ya zauna kusa da liman, shi ya karɓi hannun jama'a. Yaya kuma a ba shi ƙofa. Ai mai gida shi ke tarbar baƙi, ko ba haka ba? Duk wanda zai shiga sai ya bi ta gabansa. In Baffa ya ce, “Mi mutane za su ce muna, babban wa cikin takalma?” ki tuna masa da tsamiyar Zurmi. Kalma ɗaya ta isa. Shi ya cire masa ƙayoyin da hannunsa.

Sauran kin fi ni sani, ina faɗa ne don bakina ya huta. Ki fara gaya wa Yaya tun yanzu cewa Juma'a mutane za su zo da safe, za a yanka rago, za su ci su tafi kafin azahar, gida ya koma yadda yake. Ki maimaita masa kullum da kalmomi iri ɗaya, kin san abin da ya fi tsana shi ne a auko masa. Tsohuwar rigarsa ruwan toka, wadda wanki ya lausasa, ita za a wanke, kada a sa mata sitaci, kada a fesa masa turare. Hular sanyin nan da yake ja har kunne, a bar masa ita ko ana zafi, ko wa zai yi dariya ya yi. Lasifika kam a haƙura, sunan ɗiyata ba sai an ji shi a tasha ba. Gwaggo Turai ba zan hana ta guɗa ba, hakkinta ne, ta daɗe tana jiran ranar nan, kuma rabon gidanmu da abin guɗa an jima. Amma ta bari sai an kai Yaya bayan rumbu da kwanon tuwonsa, miya a gefe ba a kai ba, sannan ta yi har muryarta ta dushe. Maƙwabcinmu Isah mai faci ya san shi, ki roƙe shi ya zauna nesa kaɗan ta bakin titi, ba don ya riƙe shi ba, don dai ya zama akwai ido tsakanin Yaya da hanyar bayan gari. Idan Isah ya ga Yaya ya fara gunji a maƙogwaro yana murza kunne da babban yatsa, to ruwa ya kusa cin gari: ya matso ta gabansa, ba ta baya ba, ya ce masa a hankali, “Yaya, rumbu.” Zai tashi da kansa. Kada kowa ya tambaye shi ina za shi, kada kowa ya bi shi da ban haƙuri.

Na san yayanki Nafi'u zai zo, kuma na san bai taɓa sakin jiki da gidanmu ba tun ranar da aka kawo ki. Ban ga laifinsa ba. Wa zai so ƙanwarsa ta tare a gidan da ake kuka ranar biki? In ya ga surukinsa zaune cikin takalma ransa zai sosu, zai ce an wulakanta babba ko kuma an wulakanta baƙi. Ki bar shi ya faɗa. Maganar mutane ruwan sama ce a kan dutsen Kwatarkwashi, ta zuba ta gangara. Da a ce mun ajiye Yaya cikin takalma, da a ce mun rasa shi cikin daji, wanne ne za mu iya kwana da shi?

Kada ki zaci ban san abin da nake ɗora miki ba. Ke ba Yaya kika aura ba. Ba ki bar gidanku da fadamarku don ki zo ki koyi wace kalma ke kwantar da ƙato mai gemu ba. Na tuna ranar da ya fasa miki kwanukan jerenki don an canja musu wuri, kika shiga ɗaki kika yi kuka, kika fito kika ɗora tukunya. Na tuna kin taɓa ce mini kin gaji, sau ɗaya tak, ni kuma na yi fushi maimakon in ce sannu. Ai gaskiya kika faɗa. Ni ma na gaji, Zulai. Na gaji da zama ƙanin da ke goyon yayansa, na gaji da ƙasar da ta kore ni daga gonar ubana ta mai da ni ɗan dako a garin da ba a san sunana ba sai Aboki. Akwai ranar da nake cewa me ya sa mu. Sai in tuna shi bai taɓa tambayar haka ba, shi da abin ke jikinsa. Yanzu ga ki da ɗanyen jiki, ruwan zafi safe da yamma, jaririya a ƙirji, ni kuma maimakon turmin zane na aiko miki da aiki. In kin ji ba za ki iya ba, wallahi ba zan riƙe ki a zuciya ba. Ki ba Isah takardar nan ya san yadda zai yi. Amma na san wadda na aura. Gawo ne ke, sai sauran itatuwa sun zubar da ganye kike fitar da naki.

Sunan kuwa, ki gaya wa Baffa a sa mata Kulsumu, sunan marigayiya Innarmu. Amma kafin kowa ya ji, ina so a yi wa Yaya girmamawar da zai iya ɗauka. Ranar Juma'a da sassafe, kafin ƙafa ta fara yawa, ki sa a kira shi ƙofar ɗakinki. Kada a miƙa masa ita, a dai buɗe masa ƙafafunta ya gani. Ta ƙafa yake karɓar mutane, ke kika faɗa. Sannan ki gaya masa sunan. Na san abin da zai biyo baya: zai zauna bakin zaure yana jera takalma yana cewa Kulsumu, Kulsumu, duk wanda ya shigo ya ji suna kafin liman ya buɗe baki. To, sai me? Babban wa ne. In akwai wanda ya cancanci ya riga liman, shi ne. Rabonsa da furta sunan nan tun ranar da aka fita da gawar Innarmu.

Abu na ƙarshe, ya ke hasken gidana. A wayarmu ta ƙarshe kafin a yanke layi kin gaya mini wani abu kina dariya, ni kuma na yi dariya don kada ki ji muryata ta canja. Kin ce tsofaffin takalmana na fata da na bari, kullum da safe Yaya sai ya fito da su bakin zaure ya ajiye, da magariba ya mayar. Kin ce na kowa yana juya bakinsu waje, amma nawa ciki yake juya su, kamar na mutumin da ya iso zai shiga. Ranar Juma'a kada mai shara ya kawar da su, kada a ce sun tsufa za su ɓata wuri a gaban baƙi. Ki bar su cikin jeri, tsakanin na liman da na yayanki da na duk wanda ya zo. In wani ya tambaya ina uban jaririya, Yaya zai faɗi sunana ba tare da ya ɗaga kai ba, kuma ya isa amsa.

Ni yanzu ƙafa ɗaya ce ke shiga takalmi. Amma na rantse da wanda ya haɗa ni da ke, ranar da mai ɗori ya kwance kararen nan, ba zan nemi lodi ba, ba zan jira kowa ba, inda takalman nan suka fuskanta can zan fuskanta. Ban kalli wata ba a garin nan, ba zan kalla ba, ko da ruwan Fatakwal zai shekara yana zuba a kaina. Bakin da kika ba ni kyauta, zan ƙare raina ina biyan sa.

Ki shafa mini kan Kulsumu in ba mai kallo. Ki gaida Inna da ban gajiyar hanya. Ki ce wa Yaya, da kalmomin nan daidai, Faruku yana zuwa, ba yau ba, ba gobe ba, amma yana zuwa.

Naki, da ƙafa mai lafiya da mai ciwo, har ranar da za a jera takalman masu yi mini salla,

Faruku